Sa Hannun Hagu na Malam Bawa Mai Zane

Ko me zan manta a wannan aiki, ba zan manta da ranar da aka tura ni Shinkafi shaidar sa hannu ba. Wata Laraba ce bayan ƙaramar Sallah, ina shekarata ta biyu a shagon Alhaji Mudi da ke Kaura Namoda.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Muna sayen tsofaffin littattafan labarin zane, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna ana sa magana a bakin mutane. Mu goge su, mu danne su su miƙe, mu aika wa wani kamfani a Legas. Can ake duba bango da kusurwoyi da tsatsar wayar ɗinki, a ba littafi maki daga ɗaya zuwa goma, a rufe shi cikin roba mai tauri, masu tara irinsu su saya. Sa hannun mai zane yana da tasa doka. Idan wakilin da kamfani ya amince da shi ya ga an sa da idonsa, ya cike takardar shaida, sai a liƙa wa littafin alama ruwan ɗorawa, darajarsa ta ɗaga. Idan babu shaida, ko da sa hannun na gaske ne, koriyar alama ake liƙawa, masu saye su riƙa kallonsa kamar yaro ne ya ɓata bango.

Mu biyu ne wakilai a shagon: Lawwali, wanda ya girme ni a aiki, sai ni, Rabi. Lawwali ne ke zuwa Shinkafi kullum, amma a makon matarsa ta haihu, sai Alhaji ya miƙo min jakar littattafai da biro na musamman ya ce in je wurin Malam Bawa Mai Zane.

Sunan ba baƙo ba ne a wurina. Ni da littattafan haya na tashi, ina ɓoye su cikin hijabi, ina kuka kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Kafin duk labaran soyayya, na Malam Bawa na fara riƙewa: Dogo Mai Fitila, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, da Laraba mai fura da yake so. A hanya duk motar ta yi tsit idan muka shiga daji saboda tsoron 'yan bindiga, kowa na jan addu'a a ransa, ni kuwa ina can ina ƙaga hannun da ya zana idanun Laraba. Na ba shi dogayen yatsu, har da zoben azurfa.

Ɗansa Sanusi ne ya tarbe ni a zaure. Magidanci ne mai fara'a. Ya shimfiɗa min tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa, sannan ya kai hannu ga jakar.

"Kawo, Malama, ki huta. Yanzu a sa a hiddo miki."

"A ina za a sa?"

"Cikin gida mana. Haka muke yi da Lawwali."

Na riƙe jakar. Na ce, "Malam Sanusi, Lawwali namiji ne, zaure ne iyakarsa. Ni mace ce, ba shiga ba ta hau kaina ba. Ka yi min sallama da Inna."

Fara'ar ta ragu, amma ba yadda zai yi ya hana mace shiga wurin mata. Ya wuce gaba, na bi shi.

Malam Bawa na zaune a inuwar darbejiya, an tokare masa baya da matashi. Matarsa, Inna Kulu, tana gefe tana gyaran zogale. Na durƙusa na gaida su. Sai na ga hannun da na yini ina ƙagawa: yana kwance a cinyarsa kamar na aro, yatsun sun lanƙwashe. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun daminar da ta wuce.

Sanusi bai tsaya ɓoye-ɓoye ba. Ya ɗauki takarda ya ja sunan mahaifinsa, har da ɗan lanƙwasan da tsohon ke yi a ƙarshe kamar wutsiyar tsuntsu. Wallahi ya yi kyau, ya fi wanda ke cikin littattafan kyau.

"Kin gani? Shi da kanshi ba ya rarrabewa. Kuma da izininshi nike yi, ga shi zaune, tambaye shi."

Malam Bawa ya sunkuyar da kai.

Na koma bakin zaure na kira Alhaji Mudi na gaya masa. Na zaci zai yi salati. Sai ya yi dariya.

"Rabi, hannun ɗa ba na uba ba ne? Jini guda. Ki bari a sa, ki cike takarda, ki kamo hanya tun da rana."

"Ranka shi daɗe, takardar cewa take yi na ga Malam Bawa ya sa da hannunsa."

"To ki kau da kai, ki dubi bango."

"In na dubi bango, bango zan rubuta na gani."

Ya kashe wayar.

Na dawo na zauna gaban tsohon, na ce, "Baba, hagunka lafiya take?"

Ya ɗago da sauri, kamar na zage shi. "Hagu? Ɗiyata, hannun da aka tsarki da shi? Ni in miƙa ma baƙuwa rubutun hagu? Malaminmu na allo bulala yake ma mai wanga."

"Baba, ai kai ka zana ranar da ƙarfen tarago ya murƙushe wa Dogo hannun dama. Da wanne ya ɗaga fitila har jirgin da Laraba ke ciki ya tsaya?"

Ya dube ni, sai ya yi dariya da rabin baki. "Ke, wagga ƙarya ce na zana don in sai da littahi."

"Ƙaryar ta sa na yi sati ina kuka, har aka zaci aljanu ne."

Inna Kulu ta ture faifan zogale gefe. "Ba shi biro, ɗiyata. Da hagun yake shan hurarshi kullum, ban ga ya ce a mai da ta ba."

Na ɗora littafi a kan tire, na sa tiren a cinyarsa, na danne gefe. Ya kama biro kamar mai kama muciya. Harafin farko ya fito a karkace, tawada ta taru ta yi ɗigo a kan hular Dogo. A na biyu bakin biro ya ɗan yage bango. Gumi ya keto masa. Yana kai ƙarshen suna sai ya yi ƙoƙarin wutsiyar tsuntsun nan, ta fito kamar ƙugiya. Ya ɗaga littafin ya duba, ya ce, "Sai ka ce kaza ta taka tawada." Amma ya miƙo hannu a ba shi na gaba. Kaɗan ya samu ya yi kafin hannun ya gaji, Inna ta ce ya isa.

Sanusi ya raka ni bakin hanya, na tsai da mai babur. A kan kowane sa hannu ake biyansu, ya san abin da na rage musu.

"Kin kyauta, Malama. Ke za ki sai ma Baba magani?"

Na hau babur muka tafi. Ba zan yi muku ƙaryar cewa maganar ba ta bi ni har Kaura ba. Abin da na sani shi ne, ba a tura ni in yi shaidar zur ba, ko da don tausayi ne.

Washegari na ajiye jakar a teburin Alhaji. Ya buɗe ya ga ɗigon tawada, ya ga yagar bango, ya ga sauran littattafan sun dawo fari fat.

"Wanga mi ne?"

"Sa hannun Malam Bawa ne, ranka shi daɗe. Na farko da ya shigo shagon nan tun damina."

Lawwali na tsaye a bakin ƙofa, ya zo kawo goron suna. Ya juya ya fita. Na ce da Alhaji ba zan kai ƙarar kowa ba, amma ranar da kamfani ya tambaye ni game da waɗanda aka aika a baya, abin da na gani zan faɗa. A ranar ya sa aka cire sunana daga wakilai, ya mayar da ni teburin goge littattafai, inda sababbin shiga ke farawa. Aiken Shinkafi kuma ya tsaya gaba ɗaya.

Waɗanda Malam Bawa ya sa wa hannu sun dawo daga Legas da alama ruwan ɗorawa, amma makinsu ya sauka saboda yaga da ɗigo. Ba wanda ya yi arziki da su. Ɗaya ma ya daɗe a kanta ba mai tambaya.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kowa na son ya ga an rufe littafi cikin roba, ba mai son a tambayi yadda aka yi kafin a rufe. Mai saye yana can wata ƙasa, bai san Shinkafi ba, bai san Malam Bawa ba, ba abin da ya riƙa sai maganar mutum ɗaya da ya ce na gani. Ku da za a tura gobe, kada ku zauna a zaure kuna shan ruwa. In ba ku da ikon shiga, ku roƙa a fito da mai zane, in ba zai yiwu ba ku dawo da jakarku yadda kuka tafi da ita.

Duk Sallah Alhaji kan ce min, "Rabi, ki ce kin yi kuskure, in mai da ki cikin wakilai." Ni kuma in ce, "Ranka shi daɗe, barka da Sallah."