Furar da Malamin Mishan Ya Ƙi Sha

Duk safiyar Lahadi in na ji ana buga ƙarfe, sai in tuna tsohuwar garmar da mutanen mishan ke bugawa a ƙauyenmu, can wajen Geceme, zamanin mulkin Nasara. Mu gidanmu na Azna ne, ba ma zuwa majami'a, ba ma zuwa masallaci.

Malamin mishan ɗin ba Bature ba ne, Bahaushe ne dogo mai fara'a. Gida-gida yake bi yana roƙon a ba shi yara, ya tara su a gindin gawo, ya koya musu waƙa da karatu, ya raba musu sukari. Ni waƙar ce ta shiga raina. Ina daka ina rerawa, na dami kakata da roƙo ta bar ni in je. Ita ta rene ni, sai abin da ta ce.

Lokacin girbi malamin ya zo neman izininta, gida duk ƙamshin sabon gero. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama fura da nonon Fulanin da ke sauka a gonarmu. Kafin ta miƙa, ta ɗibi ludayi guda ta zuba a ƙasa, don a gidanmu ba a taɓa sabon gero sai an ba Doguwa, iskar gidan, rabonta. Malam ya gani. Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye, ya ce a yi haƙuri, ba ya shan abin da aka ba iska.

Kakata ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, hurata ta yi ƙazanta amma ɗiyata ba ta yi ba? Da geron ga ta girma. In ba ka iya shan shi, ba ka iya ɗaukatta."

"Inna, ba raini na ba," in ji shi.

Ta ɗauki ƙwaryar ta miƙo mini, ta ce in shanye. Na shanye a gabansa ina hawaye, don na san ni da gindin gawo sai dai hange.

Na yi fushi da ita har damina ta faɗi. Sa'o'ina da suka je, wasu sun zama malaman lakwal, wato makarantar boko, ni kuwa sai da na haihu na koyi karatu. Na yi asara, ba na ɓoyewa. Amma ku ji ni da kyau, ban taɓa cewa ta yi kuskure ba.

Yau babu mai zuba wa Doguwa komai a gidan nan. Jikokina wasu na majami'a, wasu na masallaci, kuma bakinsu ya zo ɗaya: wai tsohuwar cikin duhu ta mutu. Raina na ɓaci in na ji haka. In sun shigo mini da wa'azi, sai in tura musu akushi tukuna. Wanda ya ƙi tuwona, ya kwashe wa'azinsa ya yi gaba.