Yari da Birkin Motar Babanmu

Ban taɓa ganin hannun Yari a wanke ba. Da shi yake tonon ƙarƙashin mota, da shi yake gutsurar tuwo, da shi yake shafa kanmu muna yara, mu shiga gida Inna ta yi ta mita tana dirje mana goshi. Bakanike ne, aminin babanmu Malam Ummaru, kuma shi kaɗai ke taɓa motar gidanmu tun ban san kaina ba.

Ɗan Argungu ne, daga gidan masunta. Shi da bakinsa yake cewa ruwa bai karɓe shi ba, shi ya sa ya gudu Sakkwato ya koyi kanikanci. Da aka ba mu jiha ya kwaso sifanoninsa ya dawo Birnin Kebbi, ya kafa gareji a gindin wata bishiyar dogon yaro. Yana nan har gobe, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ko akuya ba ta kwanciya a kai. Ya yi suna a kan Bitil, ƙaramar motar nan mai doro da inji a baya, da yara ke kira kunkuru. Irinta Baba ya saya yana malamin gona. Da masu Bitil suka ƙare a gari, sai ya rage daga Baba sai Yari, kullum suna zaune a benci ɗaya suna zagin motocin zamani.

Yadda Yari ke duba birki kaɗai ya isa ya hana ka cin abinci. Sai ya ɗaga murfin gaba, ya buɗe ɗan tulun man birki, ya tsoma yatsa ya lasa. Ya juya harshe, ya tofar dab da ƙafarka, sannan ya sanar da cutar. Baba kuwa ya yi ta gyaɗa kai don sha'awa.

Na girma ina zaton kowace mota haka ake tsayar da ita: tun daga nesa ka taka birki ka saki, ka taka ka saki, kana salati, tana karkata hagu kana jan sitiyari dama. Sai da na shiga motar wata abokiyar aikina, ta taka sau ɗaya muka tsaya cak, na gane an daɗe ana wasa da rayukanmu. Na yi wa Yari magana. Ya yi dariya har ina ganin goron da ke bakinsa.

"Sharihwa, motag ga ta girme ki. Halinta na, ba cuta ba ta."

Abin da ya sa ban iya share maganar ba shi ne Gwaggo Baiwa, yayar Baba. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tsufa ya kwantar da ita a Argungu. Duk Asabar Baba yana wurinta. Bayansa ba ya ɗaukar motar haya, inda ake cusa mutum kamar buhun albasa, amma a Bitil yana da matashinsa, yana tsayawa inda ya ga dama ya miƙe. Ita ce kaɗai ƙafarsa zuwa ga Gwaggo, don mu 'ya'yansa babu mai mota.

Wata Asabar a lokacin kaka aka ɗiga wa Baba magani a ido, ya ce in tuƙa shi. Mun kusa shiga Argungu sai ga shanu sun cika titi. Na taka, na saki, na sake takawa. Feda ta tafi har ƙasa ba ta dawo ba. Na fizgi birkin hannu, motar ta yi gefe da mu, muka afka cikin shinkafar da aka shanya a bakin hanya, muka tsaya a jikin buhuna. Babu wanda ya ji ciwo. Mai shinkafar ya taho da masifa, da ya ga furfurar Baba ya koma yi mana jaje.

Mutane suka tura mu garejin wani dattijo mai suna Sunusi. Da ya buɗe tulun nan, kumfa ce ta taso. Ruwan omo ne a ciki, ya yi ja da tsatsa, yana warin kwata. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance bututun da ke kai mai ga tayoyi, ya fito da ƙusa guda, ya koma ya fito da wata. Ya bayyana mana cewa idan robar birkin taya ta fara yoyo, mai son aiki yakan canza ta, malalaci kuwa sai ya dunƙule bututun da ƙusa, tayar ta daina kamawa gaba ɗaya. Taya biyu ke tsayar da mu shekara da shekaru, su ma takalman birkinsu sun cinye har ƙarfe. Ya ce kayan duk ana samu, in an bar masa ita mako mai zuwa sai dai mu zo mu ɗauka.

Na koma gefe. A motar nan aka kai Inna asibiti haihuwar autanmu. A cikinta nake ɗora 'ya'yana ranar sallah. Mutumin da ke cin tuwonmu, yake kirana ɗiyarsa, shi ya kwanta a ƙarƙashinta ya buga ƙusa, ya fito ya karkaɗe riga ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na ɗauka Baba zai fi ni fushi. Ya daɗe yana juya ƙusoshin a tafin hannu, sannan ya ce wa Sunusi ya mayar da komai ya rufe, kada ya gyara.

"Ba ni son Yari shi ga hannun wani ga motag ga," in ji shi. "In yag gani, mi za ni ce mai?"

Na ce ya ce masa ya kusa kashe mu. Ya ɗaga min hannu, ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in taka garejin Yari da wannan magana. Aka jawo motar da igiya har ƙofar gida, aka lulluɓe ta da tamfol. Ya aika wa Yari cewa ido ne ya hana shi tuƙi. Yari ya zo dubiya, ya kawo shawarar wani kwalli.

Babu irin roƙon da ban yi ba. Na ce a kai wa Sunusi a ɓoye, ya ce Birnin Kebbi ba ta da ɓoye. Na ce to a kai wa Yarin, in tsaya a kansa ya sa sabbin kaya, ya ce wannan ai tuhuma ce. Ya gwammace ya rasa motar da ya kunyata abokinsa, kuma a wurinsa wannan mutunci ne. Ni dai ban ga mutuncin ba, ƙyama kawai nake ji, kuma ba ta Yari kaɗai ba.

Zuwa Argungu ya koma wata-wata, don duk tafiya a motar haya sai ya yi kwanaki a kwance. Ranar da aka bugo waya da hantsi cewa jikin Gwaggo ya yi tsanani tana kiran sunansa, mijina ya kai shi tasha a babur. Baba yana zaune a gidan baya, yana jiran mota ta cika, aka sake bugowa.

Yari ya zo zaman makoki, ya sami wuri kusa da Baba a tabarma. Ina daga zaure ina miƙa ruwa na ji shi, da muryar tausayi har da girgiza kai.

"Malam, da ka aiko na zo na tashe motag ga, ai da ka ishe ta da rai."

"Haka na, Yari," in ji Baba. Ya kuma yi masa godiya.