Na Kai Babana Inda Babu Mai Jin Maganarsa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da bayin Allah suke rubutowa a wannan shafi, yau na ce bari ni ma in sauke abin da ke raina. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni mace ce da ta doshi arba'in, aurena ya mutu ba haihuwa, ina aiki a ofishin wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, da ke unguwar Al Khabaisi. Ni da mahaifina muke zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Deira, a nan ƙasar Larabawa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayyena maza biyu kuma suna Kano da iyalansu. Baba tsohon ɗan kasuwa ne, tun ina ƙarama yake zuwa saro yadi da atamfa, har ya buɗe ɗan shago a kasuwar Al Buteen ya zauna gaba ɗaya. Shi ya kawo ni karatu, na gama na samu aiki na zauna. Mutum ne mai son jama'a, bakinsa ba ya shiru. Yana Larabci kamar ɗan ƙasa, yana taɓa Turanci, har Indiyancin ciniki ya iya. Idan baƙo ya sauka daga Kano bai san inda zai dosa ba, shagon Baba ake nuna masa.

Abin ya faro ne a hankali, har na ɗauka gajiya ce. Zai ɗora shayi ya manta, zai yi sallar la'asar ya sake tashi ya ce bai yi ba. Wata rana ya tsaya a tsakiyar falo da makullin shago a hannu, yana tambayata ko na mene ne. Da na kai shi asibiti likita ya ce cutar mantuwa ce, wadda mu muke kira gigin tsufa, kuma ba ta komawa baya, sai dai a lallaɓa ta. Muka rufe shago. Na gaya wa yayyena, suka ce in kawo shi gida, can za a fi sanin abin yi. Na ɗauki hutu na kai shi Kano. Ba zan ce ba sa son sa ba, amma kowa ya tafi a kan cewa asiri aka yi masa a kasuwa. Aka daina ba shi maganin likita, aka shiga hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Da ya fara fita yana ɓata a unguwa, sai aka riƙa kulle shi a ɗakin soro. Ranar da na ji yaran unguwa suna leƙa taga suna kiransa da sunan da ba zan iya rubutawa ba, ranar na yanke shawarar komawa da shi. Bizarsa tana nan da rai, na ɗauko shi muka dawo, yayyena suna fushi, suna cewa na nuna na fi kowa sani.

Daga nan na san mene ne kaɗaici. Na ɗauki mai aiki tana zama da shi idan na tafi ofis, ya kore ta, ya ce ɓarauniya ce. Na kawo wata, ita ma ba ta jima ba. Ya daina iya wanka da kansa, ni kuma 'yarsa ce, idan na matso zan taimaka masa sai ya rufe jikinsa yana salati, ni ina kuka shi yana kuka. Abokansa na kasuwa suna bugo waya suna tambayarsa, ni kuwa ina ce musu yana hutawa, don ba na son su ga yadda ya koma. A hankali suka rage kira. Sai wata rana da rani, lokacin da zafin garin nan yake dafa mutum a tsaye, mai aikin ta shiga banɗaki, ya buɗe ƙofa ya fice ba takalmi. Na baro ofis ina bin lunguna kamar zararriya. 'Yan sanda ne suka same shi a bakin ruwa, inda ake hawa kwale-kwalen abra, tafin ƙafarsa duk ya sale, yana gaya musu yana jiran kayansa ne su iso. Likitan da ya duba shi ya zaunar da ni ya ce mini a fili ba zan iya ni kaɗai ba, in nemi gidan kula da tsofaffi inda ake da masu jinya dare da rana, tun kafin a tsinci gawarsa a titi.

Na kira babban yayanmu na gaya masa. Ya ce a duk zuriyarmu ba a taɓa kai uba gidan ajiya ba, idan na yi haka kada in sa sunansa a ciki. Na tambaye shi ko zai zo ya zauna da mu, ko ya turo wani cikin 'ya'yansa manya. Ya ce kowa yana da hidimar gabansa. Ɗaya yayan nawa cewa ya yi in ji tsoron Allah, ya kashe waya. Haka na fara yawon duba gidaje ni kaɗai a ranakun hutuna, ba wanda zan juya in tambaya me ya gani. Irin waɗannan gidaje ba su da yawa a nan, waɗanda suke karɓar baƙi irinmu kuwa sun fi ƙaranci. A ƙarshe biyu suka rage mini. Ɗaya yana kusa da mu, tsohon gini ne, fentinsa ya koɗe, ɗakunan ƙanana, mutum biyu a ɗaki, kana shiga za ka ji ƙamshin girki da hayaniyar talabijin. Ɗayan yana can bayan gari inda gine-gine suke ƙarewa yashi ya fara, sabo fil, ga lambu, ga daɓe yana ƙyalli, kowa da ɗakinsa, ga ƙamshin turare tun daga ƙofa.

Matar da ta zagaya da ni wancan na bayan gari tana ta murmushi, tana nuna mini gado mai tashi da kansa da na'urar kiran nas. Na yi tambaya a kan magani, na yi a kan tsaro, na duba banɗaki har ƙasan famfo. Amma gaskiyar magana, a duk zagayen nan ba Baba nake gani a raina ba, yayyena nake gani. Ina ta ɗaukar hoto, ina cewa a zuciyata idan suka ga wannan wuri bakinsu zai mutu, ba wanda zai ce na yar da shi. Ban tambayi wa zai zauna ya yi hira da shi ba. Ban tsaya na lura da cewa tsofaffin da na gani a falon kowa yana zaune shiru yana kallon bango ba. Nisan wurin ma na ce ai ba komai, zan riƙa zuwa. Na ce khalas, shi ke nan, nan ne. Ranar da na kai shi na sa masa farar shaddarsa da hula, na ce masa za mu je ganin likita. Ya bi ni ba musu. Da zan fito ya riƙe gefen mayafina, wata nas ta zare hannunsa a hankali, na fita ban waiwaya ba. Na tura wa yayyena hotunan wurin, ba wanda ya ce uffan.

Abin da ban sani ba shi ne, ciwon nan yana kwashe harsunan da mutum ya koya da girma, ya bar masa na nono kawai. A gida da Hausa muke magana, shi ya sa ban lura Larabcin Baba da Turancinsa sun zube ba. A can kuwa ma'aikatan daga ƙasashe daban-daban suke, masu kirki ne, amma babu mai jin ko sannu. Idan ya ce ruwa, ba a gane ba. Idan ya ce zai kama ruwa, sai a zaunar da shi. Idan ya ji lokacin salla ya yi a jikinsa ya nufi famfo zai yi alwala, sai a janye shi don kada ya jiƙa kaya ya zame. Shi kuma sai ya fusata ya ɗaga murya, ya ture hannun mai riƙe shi. Suka ce mini yana da faɗa, likitansu ya ƙara masa maganin kwantar da hankali. Ni kuma aiki ya hana ni zuwa sai ƙarshen mako, don tafiyar tana da tsawo, ga cunkoson hanya, lokacin ziyara kuma ƙayyadadde ne. Duk zuwan da zan yi sai in tarar ya ƙara ramewa, yana gyangyaɗi a kujera, abinci a gabansa bai taɓa ba. In dawo gida in zauna a falon da babu motsin kowa, in kasa cin nawa abincin, ba kuma wanda zan kira in gaya wa.

Wata Asabar na same shi idonsa biyu, yana zaune a bakin taga yana kallon yashi. Na durƙusa na ce, Baba ina wuni. Ya juyo da sauri, fuskarsa ta washe irin yadda na daɗe ban gani ba, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, “Baiwar Allah, ashe ke Bahaushiya ce? Alhamdu lillahi. Daga wane gari?” Na ce daga Kano. Ya ce, “Don girman Allah ki taimake ni. Ina da 'ya a garin nan, tana aiki a ofis, yarinyar kirki ce. Ki gaya mata inda nake, na san ba ta sani ba. Mutanen nan ina yi musu magana ba sa amsawa. Ban san laifin da na yi musu ba.” Na ce masa zan gaya mata. Ya yi ta sa mini albarka, yana cewa Allah ya ba ni masu yi mini. Na fito na zauna a cikin mota, na daɗe ban iya tayar da ita ba.

Washegari na je Al Buteen, na nemi wani dattijo, aminin Baba da suka yi shekaru suna maƙwabtaka a kasuwa. Na zauna a shagonsa na kwashe komai na gaya masa, ina jiran ya tsine mini kamar yadda na saba ji. Sai ya ce kai Baba gidan jinya bai dame shi ba, don ya ga irin ciwon nan a wurin yayarsa, ya san ba a iya masa da hannu biyu. Abin da ya ɓata masa rai shi ne na ɓoye musu. Ya ce, “'Yata, mutumin nan shi ya tarbe ni ranar da na fara sauka a ƙasar nan. Kin hana mu shi, kin hana shi mu.” A ranar ya rufe shago ya raka ni wancan tsohon gidan na kusa da na raina. Shi ya riƙa yin tambayoyin da ban yi ba: ko za a bar mutane su shigo duk lokacin da suka samu sarari, ko za a bar mu mu kawo abincin gida, ko namiji ne zai riƙa yi masa wanka, ko za a taimaka masa ya yi alwala ko da ba lokacin salla ba ne. Shugabar wurin ta ce duk ana yi, sai dai mu jira gado ya samu. Muka jira, jiran ya yi mini tsawo ƙwarai, amma ya samu.

Ba zan ce Baba ya warke ba, bai ma sake gane ni a matsayin 'yarsa ba sai jefi-jefi. Amma ina biyawa da safe kafin ofis, in dawo da yamma da tuwo ko kunu a kula. Na koya wa masu jinyarsa kalmomi kaɗan da baki, ruwa, sannu, zauna, ci abinci, suna faɗa a karkace yana yi musu dariya yana gyara musu. Aka rage masa maganin barci. Ranar Juma'a bayan masallaci 'yan kasuwa sukan zo su cika ɗan ɗakin, su yi ta hirar kwantena da farashin yadi kamar yana shago, shi kuma yana sa baki, yana ba su shawarar kasuwar da ta wuce tun tuni, suna cewa haka ne Alhaji. Balaraben da suke ɗaki ɗaya har ya saba, yana jiran rabonsa na ƙosai. Haka muka yi har Allah ya karɓi abinsa wata safiya, ina riƙe da kofin kununsa. Abokansa ne suka yi masa wanka da sutura, a nan aka binne shi. Yayyena sun yi zaman makoki a Kano. Muna gaisawa yanzu, amma sama-sama, kuma har yau ba wanda ya taɓa tambayata yadda kwanakinsa na ƙarshe suka kasance.

Ina nan a gidanmu na Deira ni kaɗai, ban iya tashi ba. Kai shi gidan kula ba ya cikin abin da nake nadama, don na san inda ƙarfina ya tsaya. Watannin da ya yi a wancan wuri mai ƙyalli su ne suke ci mini rai, domin don idon mutane na zaɓe shi, mutanen da ko kallon hoton ba su yi ba. Duk wanda Allah ya jarrabe shi da irin wannan, musamman mu da muke zaune a ƙasar wasu, ina roƙonsa kada ya je duba gida shi kaɗai, kada kuma kunya ta sa ya ɓoye majinyacinsa ga waɗanda suka san shi tun yana da lafiya. Idan kun shiga, ku bar kallon daɓe da labule, ku kalli fuskokin tsofaffin da ke zaune a ciki. Ku zaɓi inda ƙafarku za ta iya kaiwa kullum. Kafin ku sa hannu a komai, ku tambaya: idan tsohon nan ya buɗe baki ya ce yana jin ƙishirwa da harshen da uwarsa ta koya masa, wa zai miƙo masa ruwa? Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa mahaifina a addu'a.