Baƙar Ƙasar da Ta Riƙe Tanderun Yaya Rakiya

Bana shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran yayata Rakiya, mai gurasa a unguwar Sheshe. Ni ƙaninta ne, direban tifa, karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Da mijinta ya rasu, tanderu kawai ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Kara da itace kuwa kullum ƙara tsada suke, har ya zama ita ke shan zafin wuta, mai itace ke cin ribar. Ta fara zancen rufe tanderun, matan da ke taya ta kwaɓi kowa ta koma gida.

A lokacin ina kwashe wa wani kamfanin tace man gyaɗa shara. Akwai wata farar ƙasa da suke zubawa cikin mai ta tsotse dauɗa, sai ta fito baƙa ƙirin, jiƙe da mai. Biyana ake yi in kai ta bayan gari in zubar. Wata rana ina cin gurasa a tsakar gidanta, na yi ƙorafin cewa ƙasar nan fitina ce, in aka tara ta da kanta take kama hayaƙi.

Yaya ta tsame hannu daga kwaɓi. "Sabi'u, ƙasar da ke cin wuta ba ashana kake zubarwa, ni ina nan ina lallashin mai kara?"

"Yaya, wari gare ta."

"Kai ma da warin kake shigo min kullum, ban kore ka ba. Kawo buhu ɗaya."

Tifa ba ta shiga lungunmu, sai a baro. Ni kuwa mutum ne mai son jiki da mita, har yau ban rabu da halin ba, Allah Ya yafe min. Ina turawa ina ƙunƙuni, ita tana yin kamar ba ta ji.

Tuyar farko ta ɓaci. Ta zuba ƙasar ta manna gurasa hayaƙi na tashi, aka dawo mata da faranti cike daga kasuwar Kurmi. Wani ɗan kasuwa har ya aiko a tambaye ta ko a gareji aka toya ta yau. Ba ta yi fushi ba. Ta ce ai gurasa ba harshen wuta take so ba, zafin bangon tanderu take so. Sai ta riƙa cura ƙasar da garin katako, ta shanya a warwatse a kan soro don kada ta ɗau zafi. Da ita take fara gasa tanderun har hayaƙin ya ƙare, ta kwashe tokar, sannan ta ƙarasa da ɗan kara. Warin ya tafi. Tanderun bai rufu ba, matan nan ba wadda ta koma gida, 'ya'yanta huɗu duka suka yi makaranta.

Yau kamfanin ya daina zubar da ƙasar. Da ita suke hura tukunyar da ke ba injinansu tururi, ragowar kuma masu gasa bulo ke saye. Nakan ce da Yaya na nan, da ta yi dariya ta ce sai yanzu suka waye. Ni dai in na ga hayaƙin kamfanin, ƙirjina cika yake, don na san wadda ta riga su.

Amma ranar da mai gadin kamfanin ya ce min babu sauran ta kyauta, tanderun Yaya na fara tunawa. 'Yarta Hadiza ce ke riƙe da tanderun yanzu, kuma itace ya ƙara tsada. Na shiga gidan da baro wayam, ina neman yadda zan faɗa mata.

Ta saurare ni hannunta cikin kwaɓi. "To Kawu, in sun daina zubar da wannan, me suke zubarwa yanzu?"

Na ce sai dai ɓawon gyaɗa da tarkacen da ake tankaɗewa.

"Kawo buhu ɗaya."

Na juya baron na fita, ban yi ƙunƙuni ba. Allah Ya jiƙan Yaya Rakiya, Ya sanyaya makwancinta. Tanderunta na nan da zafinsa.