Ranar da Muka Kai Kwamfutar Ofis Ruga

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ta ƙarshen bazara ba, ranar da muka ɗaure kwamfutar ofis da igiya a bayan mota kamar ragon suna, muka nufi wata ruga a ƙasar Gwiwa. Abin da ya kai mu goge hotuna tara ne, aikin da yatsa ɗaya ke gamawa kafin a tofa yawu ya bushe. Mu kuwa mutum huɗu muka tafi, har da janareta.

Lokacin ina jami'in adana bayanai a wani shirin rigakafin dabbobi da ke da ofis a Kazaure, yana duba har Roni, Gwiwa da Babura. A sama akwai Kodineta, Alhaji Ɗanjuma. Ƙasa da shi likitocin dabbobi, sai jami'an fili, waɗanda ke shiga rugage da allura a kan babur. Ni ne a ƙarshen layi, mai tattara rahoto. Ƙa'idar ofishin ɗaya ce kuma kowa ya haddace ta: aikin da babu hotonsa, ba a yi shi ba. Ko shanu dubu ka yi wa allura, in ba ka ɗauko hoto ba, yawo ka je.

Matsalar ita ce hotunan a warwatse suke cikin wayoyi shida. Na ba da shawarar mu yi abin da kowa ke yi, mu zuba su a kilawud, wato rumbun kamfanonin waje da ake ajiya a ciki ta intanet. Kodineta ya kalle ni ta saman tabarau.

"Nasiru, wanda zai ajiye mana ɗin, ka san gidansu?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ni ba na ba da ajiya ga wanda ban san gidansu ba."

Maganar ta mutu a nan. Sai na nemo wata manhaja na sa a wayoyin, da kwamfutar tebur, da laftof. Duk wayar da ta shigo ofis ta kama wayfai ɗinmu na cikin gida, sai ta gaisa da sauran, kowace ta ba 'yar'uwarta hoton da ba ta da shi. Ba data, ba intanet, komai yana cikin bango huɗu. Na ji kaina ƙwarai a lokacin, ban ɓoye muku ba.

Wanda ya fara nuna mana ramin da ke cikin tsarin shi ne Malam Sule, babban jami'in filinmu, wanda makiyaya ke kira Likita. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya fi shekara goma sha biyar yana shiga rugage, Fulatanci a bakinsa kamar a ciki aka haife shi. Wayarsa ta cika, ya goge hotunan rani guda don ya samu wuri. Da safe ya shigo ofis, manhajar ta ga an goge a wuri ɗaya, ta yi biyayya ta goge a ko'ina. Ranar Kodineta ya yi faɗan da har masu shayi na bakin titi suka ji. Ya ƙare da umarni: "Daga yau ba na son hoto ya sake ɓacewa a ofishin nan. Ko mutum ya goge da gangan, ya dawo."

Na cika umarni. Na mayar da kwamfutar tebur uwa: ba ta karɓar gogewa daga kowa, kuma duk wayar da ta ga wani hoto ya ɓace mata, sai ta mayar mata da shi. Na yi bayanin canjin a taron ma'aikata, a batu na ƙarshe, daidai lokacin da aka shigo da shinkafa. Malam Sule ma ba ya nan, yana fili. Na rubuta a rahoton taro, shafi na huɗu, na ɗauka na sauke nauyi.

A ƙasar Gwiwa akwai wani Arɗo Buba, shugaban rugage da dama. In ya ce a fito da shanu, za a fito da su. In ya yi shiru, ko ɗan maraƙi ba za ka gani ba. Shekaru Malam Sule ya kwashe yana zuwa gaisuwa, yana zuwa suna da ta'aziyya, kafin Arɗo ya yarda a yi wa garkunansu allurar ciwon huhu. A shekarar an yi wa garken Arɗo kaɗai a matsayin gwaji, da alƙawarin in ba a ga illa ba sauran za su biyo baya kafin ruwa ya sauka su tashi. Malam Sule, don cika ƙa'ida, ya hau wani dutse ya ɗauki garken duka, hoto tara, bai tambayi kowa ba. Ya dawo ofis, hotunan suka bazu yadda aka tsara.

Wanda bai zauna da makiyaya ba zai ce mene ne a hoton saniya. A wurinsu ba a ƙirga dukiyar mutum, ba a nuna ta. Akwai tsoron baki, akwai tsohon tabon jangali, ga kuma ɓarayi da za su so sanin yawan garke da inda yake kwana. Wani ya hango Malam Sule a kan dutsen ya kai labari. Da ya koma, Arɗo ya ja shi gefe ya ce a goge. Malam Sule ya ba da haƙuri, ya goge ɗaya bayan ɗaya a gabansa.

"Sun tafi ke nan, Likita? Babu su a wani wuri?"

"Wallahi, Baba, sun tafi. Wannan abin namu, in ka goge a nan, ya gogu ko'ina. Ni na taɓa gani da idona."

Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Ya sha zagi a kan wannan darasin, ya riƙe shi da kyau, bai san na canza littafin ba. Washegari ya shigo ofis, yana gaisawa da mutane, waya na aljihu, kwamfutar tebur ta lura an yi masa rashin hotuna tara ta tausaya masa ta mayar.

Bayan mako guda suka haɗu da Arɗo a kasuwa. Malam Sule ya ciro waya zai nuna masa hoton wata kwalbar maganin jabu da ake sayarwa, don ya gargaɗi mutanensa. Yana jan yatsa, sai ga garke. Makiyayi ba ya ɓata wajen gane bijiminsa. Arɗo ya kalli wayar, ya kalli Malam Sule, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Da yamma saƙo ya iso cewa sauran rugagen sun fasa.

Malam Sule ya shigo ofishina ya ajiye wayar a kan tebur a hankali. Da jifa ya yi da ita, da na fi jin sauƙi.

"Nasiru, me ka yi wa abin nan?"

Na yi masa bayani, har da shafi na huɗu.

"Ka sa na rantse da Allah a kan ƙarya," ya ce.

Kunya ta kama ni yadda ban taɓa ji ba a wurin aiki. Muka je wurin Kodineta. Shawararsa ta farko a rubuta wa Arɗo takardar ban-haƙuri da Turanci, a buga hatimi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin ya ga an goge ya dawo. Takarda ba za ta shige shi ba. Sai dai mu kai masa duk inda hotunan suke, ya gani da idonsa." Fitar da kayan ofis na bukatar fom mai sa hannu uku, wanda ya ci kwana biyu. Aka karɓe wayoyin kowa. Da aka zo kan ta Kodineta ya ce wayarsa ba ta zuwa ko'ina ba tare da shi ba, shi ya sa ya shiga gaban mota ya zama jagoran tawaga.

Muka isa da hantsi. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata tsamiya, na jera kaya kamar ɗan koli: kwamfuta, allonta, laftof, na'urar wayfai, wayoyi shida. Direba ya tayar da janareta, 'yan maruƙan da ke ɗaure suka fara fizge igiya. Arɗo ya zauna da dattawa huɗu, ya amsa gaisuwar kowa, ta Malam Sule a taƙaice.

Na fara da amsa laifi. Na ce, "Baba, ni na sa wa injin nan dokar mayar da abin da aka goge, kuma ban gaya wa Malam ba." Na cire dokar a gabansa. Na buɗe hotunan tara, ya dube su ɗaya ɗaya, na goge. Na shiga kwandon shara na na'urar na zubar. Sannan na bi wayoyin na nuna masa sun ɓace a kowace.

"Na sama fa?" ya tambaye ni. "'Ya'yana sun ce akwai wanda ke hawa sama, ko waya ta faɗa rijiya yana nan."

Kafin in buɗe baki Kodineta ya gyara zama. "Arɗo, ni na hana wannan tun farko. Na ce ba na ba da ajiya ga wanda ban san gidansu ba."

Arɗo ya gyaɗa kai, alamar a karon farko ya ji magana mai hankali daga bakin ma'aikaci. Ni da na daɗe ina yi wa wannan hani dariya a bayan ido, ranar na ga amfaninsa. Da hotunan suna kilawud, ban san wace mota za ta ɗauko mana shi ba.

Amma bai sallame mu ba. Ya ce wancan karon ma sun tafi a gabansa, daga baya suka dawo, don haka a bar komai a kunne zuwa la'asar. Haka muka zauna, Kodineta da babbar rigarsa a kan tabarma, muna gadin kwamfuta kada shanu su dawo cikinta. Aka kawo fura da nono. Muka yi azahar, direba ya ƙara mai a janareta, muka yi la'asar. Na sake buɗe kowace na'ura. Babu komai.

Arɗo ya yi magana da dattawan da Fulatanci, sannan ya juyo. "Za a fito da shanu jibi. Amma a turo wani."

Malam Sule ya ɗago kai. "Baba, ai ka ga yadda abin yake. Ba da sanina ba ne."

"Na gani, Likita. Ban ce ka yi mini ƙarya ba. Wannan yaron ya yi kuskure, injin ya yi abin da aka sa shi. Amma a cikinku kai kaɗai ka rantse, kuma a kan abin da ba ka sani ba. Gobe in ka ce mini allurar nan ba ta da illa, ta ina zan san ka sani?"

Muka kwashe kaya muka ɗaure. A hanya Kodineta ya yi ta murna an ceto aikin shekara, sai can ya dafa goshi ya ce kash, babu wanda ya tuna ya ɗauki hoton zaman, yanzu da me za a sa a rahoto. Malam Sule yana baya kusa da ni, yana kallon duwatsu ta taga har muka shigo Kazaure.

An yi allurar, wani jami'in ya je, shanu sun tashi lafiya. Ni ko takardar tuhuma ba a ba ni ba, tunda umarni na bi. Malam Sule ya nemi a mayar da shi ɓangaren Babura, ya fara gaisuwa daga farko a rugagen da ba su san shi ba.

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne ajiya rabin aikinmu ce kawai. Duk dokar da ka sa wa na'ura, akwai mutumin da zai je ya tsaya a gaban wani ya yi magana da yawunta, don haka ka same shi ido da ido ka gaya masa abin da ka canza. Kafin ya yi ritaya na sha zama kusa da Malam Sule a taro. Mutum ne da a da in ya ce abu kaza ne, an gama. Bayan wannan shekarar, ko makiyayi ya tambaye shi abin da ya fi kowa sani, sai ya yi jim, ya ce, "Haka nake zato, amma ban tabbata ba." Duk lokacin da na ji, na san ni na koya masa.