Makin da na ba ɗiyar Hala

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe na danna maɓallin, kuma daga nan abin ya fara lalacewa, ko da yake ban gane ba sai bayan azahar.

Ranar fitowar natijar shahada ce, wato sakamakon jarrabawar ƙarshen sakandare. Ina shekara ta uku a jami'a a Madani, ina karatun kwamfuta, na zo hutu ƙauyenmu kusa da Wad Haddad. Tun kwana uku kafin ranar iyaye mata ke aiko min da lambobin zaman jarrabawar 'ya'yansu a guntayen takardu, har suka kai talatin da huɗu. Ni ba mai son taro ba ce, amma ni kaɗai ke da kwamfuta da modem a unguwarmu.

A irin wannan rana shafin natija cunkushewa yake yi, lamba ɗaya sai ta ci minti biyar. Shi ya sa na rubuta ɗan shirin kwamfuta na ajiye a sabar da muke gwaji a kanta a jami'a, inda shabaka, wato intanet, ke da ƙarfi. Maimakon ya aika lamba ɗaya ya jira amsarta, sai ya tura goma lokaci guda. Na kuma sa ya yanke komai ya bar maki kawai, don modem ɗina ya iya jawowa daga ƙauye. Sau shida na gwada shi da lambobin bara, komai ya fito daidai.

Kafin sha biyu jerin ya cika. Na zauna ƙarƙashin rumfa ina karantawa a hankali, mahaifiyata tana maimaitawa da ƙarfi don muryata ba ta kai ƙofa. Da na zo kan ɗiyar Hala, wato ɗiyar ƙanwar mahaifiyata, na ce saba'in da tara. Hala ta rangaɗa guɗa, ta fita ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Bayan azahar malamin makarantar firamarenmu ya yi sallama. Ɗazu a jerin na karanta cewa ɗiyarsa ta faɗi, alhali ita ke zuwa ta ɗaya tun tana ƙarama.

"Ɗiyata, ba gardama nike ba," ya ce min. "Duba min tata ita kaɗai, in ji daɗin haƙuri."

Na shigar da lambar da hannu, muka jira. Saba'in da tara.

Na buɗe shirin na bi shi layi-layi, na ga kuskuren. Amsoshin ba sa dawowa yadda aka tura su; wadda ta riga fitowa ita ke riga isowa. Ni kuma na jera su yadda suka iso, kusa da sunayen da na jera yadda na tura. Lokacin gwajina shafin ba kowa, shi ya sa suka riƙa dawowa bi da bi. Gyaran layi biyu ne: kowace amsa ta zo riƙe da lambarta. Na sake turawa. Sunaye sha ɗaya suka canza, yawanci da maki kaɗan. Mutum ɗaya ce ta sauka daga ci zuwa faɗuwa: ɗiyar Hala.

Mahaifiyata ta yafa mayafi ta raka ni gida-gida, ita ke magana ni ina kallon ƙasa. Gidan Hala muka bari ƙarshe. Mun tarar an feɗe akuya, mata na yanka albasa, ana raba sharbat.

"Ga duktorarmu!" in ji Hala. "Zo nan, hanta taki ce, kar waɗannan masu haɗamar su riga ki."

Na zagaya bayan ɗaki, inda ɗiyarta ke wanke kofuna ita kaɗai. Na tsuguna kusa da ita na faɗa mata komai, har da bayanin lambobin da ba ta tambaye ni ba. Ba ta daina wankin ba. Na ce ni zan faɗa wa Hala, tunda ni na jawo, na tambaye ta ko za ta iya yafe min. Ta kife kofin ƙarshe a kan faranti, ta goge hannu a zaninta.

"Ai tun da kika faɗa ɗazu na san makin ba nawa ba ne. Takardar lissafi rabinta fara na miƙa ta. Ki bari baƙi su ci su watse, ni zan gaya mata da bakina. Ke dai ki zauna kusa da ni."