Na'ana'a a Gaɓar Hagu

Harlan Stroud mutum ne da kujera ba ta taɓa yin ɗumi a ƙarƙashinsa ba. Ko abinci a tsaye yake ci, kwano a hannu, ido a kan hanya. Tun yana saurayi ya bar gonar ubansa a duwatsun Kentucky, ya yi sassabe, ya yi dakon katako, ya kora alfadarai, babu wanda ya shekara a cikinsa. Ranar da ya ci karo da jirgin haƙa a fadamun kudancin Missouri, sai ya ga an ɗinka masa sana'a daidai wuyansa. Gida ne mai tafiya, kuma ba ya komawa baya.

Jirgin ƙaton akwatin katako ne, tukunyar tururi a bayansa, a gaba kuma dogon hannu mai cokalin ƙarfe wanda alfadari zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Ya ciji ƙasar da ke gabansa ya zubar dama, ya sake cizo ya zubar hagu, ruwan fadama ya biyo ramin, jirgin ya matsa a kan ruwan da ya haƙa wa kansa. Ba ya tsayawa, ma'aikata karɓa-karɓa suke yi. Harlan ne mai riƙe sandunan sarrafa cokali. A baya ake jan jirgin kwana, mai gadaje da murhu, kuma a nan matarsa Ozella take dafa wa maza wake da naman alade da burodin masara, tana yaƙi da sauro da tsumma mai hayaƙi.

Ozella ba don son ruwa ta shiga ruwa ba. Kowace magudana aka fara, Harlan zai rantse mata wannan ce ta ƙarshe. In an kai ƙarshenta aka wargaza jirgin aka ɗora a kan keken doki, shi ne na farko da zai haye.

"Baban Lula, dubi ƙasar da kake zubarwa," in ji ta. "Baƙa ƙirin. Ko tsinken tsintsiya ka soka sai ya yi ganye. Wasu za su zo su noma, mu muna can gaba muna ciyar da sauro."

"Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

"Kifin ma yana da ramin da yake komawa. Kai wane irin kifi ne?"

Sai ya yi dariya ya ɗauki hularsa. Gonar Ozella duk duniya ita ce na'ana'ar da ta dasa a gwangwanin kitse ta ajiye a taga.

Lula ita ce 'yarsu, kuma ita kaɗai Allah ya ba su. A kan katakon jirgin kwana ta koyi tafiya, da igiya ɗaure a ƙugunta don kada ta faɗa ruwa. In cokali ya buɗe laka ta zubo, sai ta tafa hannu, ita a ganinta ubanta don ita yake wannan wasa. Ba ta kai ga iya ɗaura takalmi ba zazzaɓin fadama ya kama ta. An ba ta kwinin, an shafa mata ruwan sanyi, jikin ya ƙi sauka. Da safiyar wata Talata ta cika.

Duk faɗin fadamar babu busasshiyar ƙasa sai tulin da jirgin ya zubar. Harlan da Ozella da Doss Pruitt, mai hura wutar tukunya, suka shiga kwalekwale suka koma baya har inda gaɓa ta bushe ta iya ɗaukar mutum. A gaɓar hagu suka haƙa. Doss ya karanto abin da ya tuna daga Littafi Mai Tsarki, rabi daidai rabi kame-kame. Harlan ya haye ɗaya gaɓar da gatari, ya sami wani itace da mutum uku ba za su rungume ba, yana kallon kabarin ido da ido, ya sassaƙa gicciye mai zurfi a jikinsa.

"Wannan ya girmi kakana," ya ce, "kuma zai ga bayanmu duka. Ba za mu ɓata wurin ba."

Ozella ta durƙusa. Ta juye gwangwanin na'ana'arta a kan kabarin, ta danna saiwar da yatsu.

"Rana za ta cinye wannan kafin mako," in ji Harlan. Daga can gaba jiniyar jirgi ta yi kira, lokacin karɓar aikinsa ya yi. Ya tafi ya karɓa.

Wauta ba ta da kyau ko a hannun mai makoki. Mutumin da aikinsa shi ne busar da fadama don masu saran itace su sami hanyar shiga, shi ne ya ba itace ajiya. Amma ranar baƙin ciki ya rufe masa ido, bai ga haka ba.

Daga ranar Ozella ta koma kiransa Harlan, gatsau. Shi kuwa ƙaiƙayin ƙafarsa ya ninka. Arkansas, Louisiana, Florida, duk inda aka ce ruwa ya kwanta a kan ƙasa, yana can. In abokin aikinsa ya karɓe shi ba ya iya kwanciya, sai ya yi ta kai-komo a kan jirgi yana taɓa igiyoyin da babu abin da ya same su. Ozella ta daina maganar gona. Ba ta sake dasa komai a gwangwani ba.

Furfura ta cinye kansa sannan aiki ya mayar da su Missouri. Tsohuwar magudanar ta cushe, kuma ta yi wa ruwan sababbin gonaki kaɗan, aka ce a faɗaɗa ta. Safiyo ya riga ya bi ya kafa turakunsa, duk a gaɓar hagu. Gaɓar nan kaf cokali zai cinye, kuma Harlan ne mai cokalin.

Ya ce wa kansa abin mai sauƙi ne, zai nemo itacen, ya je ya roƙi a tsallake wurin. Amma da ya tsaya a kan jirgi ya duba, sai ya kasa gane wurin. Auduga ce iyakar ganin ido. Ga hanyoyi, ga gadoji, ga coci mai farin fenti a inda ya taɓa harbin agwagwa. Itace ko na maganin ciwon ido babu.

Kullum ya sauka daga aiki sai ya bi gaɓar dama a ƙafa yana neman ko kututture. Ya tambayi wata tsohuwa da ke tsinkar auduga.

"Wane itace kuma, bawan Allah? Mu da muka zo ko kututturan an ƙone. Ku ne fa masu jirgin nan kuka kore su."

Ya dawo ƙafa duk ƙaya. Ozella ta ajiye masa kwano ba ta dube shi ba.

"Ka duba gaɓar hagu?"

"Sarƙaƙiya ce ta fi ni tsawo, ko kare ba ya shiga. Kuma itacen a dama yake."

"Ni ba itace na binne ba," ta ce, ta koma wurin murhu.

Jirgi dai ba ya jira. Kowane cizo Harlan zai ɗaga cokali a hankali, ya buɗe shi a hankali, ya zuba wa lakar ido yana tsoron abin da zai gani fari a cikinta. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina shiga. Mista Kimbrough, mai kula da aikin, ya aiko a tambaya ko jirgin ya koma kunkuru ne. Doss, wanda shi ma ya tsufa a bakin tukunyar, ya ce wa ɗan aiken ya je ya ce kunkuru yana gaisuwa.

Wata hantsi cokali ya nutse a gaɓa, ya taso da sarƙaƙiya da saiwoyi yana lilo. Iska ta juyo. Ta cikin warin mai da hayaƙi wani ƙamshi mai sanyi ya ratso ya daki hancin kowa.

"Wa ke dafa shayi a nan?" in ji Doss daga bakin wuta. Bai rufe baki ba ya gane, ya cire hula.

Harlan ya saki sanda. Cokali ya tsaya a sama, ruwa na ɗiga daga haƙoransa. Shirun ne ya fito da Ozella, don tun da take ba ta taɓa jin jirgin ya yi shiru da rana ba. Suka haye gaɓa su biyu, shi yana sara da adda, ita tana biye. A ƙarƙashin ƙayar na'ana'a ce shimfiɗe, kore shar. Suka yi gaba, tana nan. Suka ƙara gaba har muryar Doss ta daina iso su, ba ta ƙare ba. Ɗan abin da ya fito daga gwangwanin kitse ya bi gaɓa ya yaɗu, babu mai iya cewa daga ina ya faro.

"Lula tana ina?" Harlan ya tambaya.

"Tana ciki," in ji Ozella.

Ya koma jirgi, ya sauke abin da ke cikin cokali a inda ya ɗebo shi, ya juya hannun jirgin zuwa gaɓar dama, inda babu turke ko ɗaya sai audugar mutane.

"Harlan, korar ka fa za su yi," in ji Doss.

"Na sani. Ƙara itace."

Doss ya ƙara. Da abokin karɓar Harlan ya zo ya ji dalili, ya bi sahunsa. Haka jirgin ya kauce wa layin safiyo, ya yi ta cin dama har ƙamshin ya ƙare, sannan ya koma kan turaku.

Mista Kimbrough ya iso a kan doki, fuska kamar an aiko masa da mutuwa.

"Stroud, giya ka sha? Magudana miƙaƙƙiya kamar zare ka mayar mini da ita ƙugiya. Audugar mutumin nan fa?"

"'Yata ce a gaɓar can, ranka ya daɗe."

"A ina? Nuna mini wurin."

Harlan ya ɗaga hannu ya nuna daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kimbrough ya dube shi ya daɗe. Ba mugun mutum ba ne, amma shi ma da na sama da shi. Ya ce ramin da aka haƙa ba zai cike ba, zai bar shi yadda yake, amma Harlan ya sauka daga jirgin a yau.

Suka sauka da ƙunshin kayansu da tukwanen Ozella. Manomin da aka ci wa auduga ya yi faɗa ya gaji, da ya ji labarin ya ba su wata bukka a bakin gonar, Harlan ya zama ɗan ƙodagonsa. Jirgi ya yi jiniya ya wuce, kuma karo na farko a rayuwarsa bai bi ba.

Kada a ce ya sami natsuwa, don hali zanen dutse ne. Ya sare ƙayar gaɓar tas, kuma har ƙarfinsa ya ƙare kullum sai ya taka ta daga farkon na'ana'ar zuwa ƙarshenta, ya juyo, ya sake komawa. Da ya sa ƙafa a ciki yake cire hula, ba ya mayarwa sai ya fita, tunda bai san a wane taku yake wuce 'yarsa ba.

Ozella takan tsaya a ƙofar bukka ta bar shi ya je ya dawo son ransa. In rana ta take, sai ta ɗaga murya.

"Baban Lula, abinci na hucewa."